Taƙaitawa: Yadda Jaridar Kullum Ke Fitowa

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawarmu.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Da taron editoci na safe ake farawa, a tura 'yan rahoto kotu, majalisa da kasuwa. Inda ba wakili, a ɗauko daga Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya.

2. Talla ake fara ba wa gurbi a shafi, labari ya shiga ragowar fili. In wuri ya ƙure, daga ƙasa mai tacewa ke datse rahoto. Shi ya sa tsofaffin hannu suka nanata cewa ɗan rahoto ya zuba muhimmin bayani tun a sakin layi na farko. Wannan shawara ta fi kowace amfani a wurina.

3. Da dare ake ɗora shafuka kan faranti na alminiyum, wanda ake sa wa injin buga jarida. Shafi mai launi faranti 4 yake ci: shuɗi, ja, rawaya, baƙi.

An rabu a kan labarin da ya ɓulla bayan inji ya tashi. Wasu sun ce a tsayar, a sauya shafin farko. Masu rarrabawa suka ce mota mai tafiyar nesa, kamar ta Sakkwato, ba ta jira, ga takarda da tsada tunda shigo da ita ake yi. Ina bayan masu rarrabawa: a sa shi a intanet nan take, washegari a faɗaɗa shi a takarda.