Muhawara: a wace mujalla ya kamata ɗalibanmu su buga bincikensu?

Malam Isuhu: Ƴan'uwa, ra'ayina bai sake ba. Binciken da duniya ke yawan ambato, wato wanda sauran masu bincike ke kafa hujja da shi a rubutunsu, a ƴan mujallu kaɗan yake taruwa, irin su Nature, Science da Lancet. Tun 1934 Samuel Bradford ya lura cewa a kowane fanni mujallu ƙalilan ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na maƙalun fannin. Ɗalibin dokta a Maraɗi ya sa ido can.

Malama Rakiya: Malam, Bradford inda maƙalu ke fitowa ya ƙirga, bai auna nauyinsu ba. Kuma ko cikin mujalla ɗaya rabon ba daidai yake ba. A 1992 Per Seglen ya nuna kamar kashi 15 cikin 100 na maƙalun mujalla ne ke jawo rabin ambaton da take samu. Sauran albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko.

Abdu: Gaskiyar Malama. A lissafin da Nature ta fitar a 2014, maƙalar da ta fi kowace ambato ita ce ta Lowry ta 1951 kan hanyar auna furotin, sama da sau 300,000. A Journal of Biological Chemistry ta fito, ba a cikin ukun da Malam ya lissafa ba.

Malam Isuhu: Abdu, ai ka taya ni. Waccan ma babbar mujalla ce a fanninta.

Malama Rakiya: To mu dawo gida, Malam. Buhun PICS mai ninki uku da ke kare wake daga ƙwari ba tare da magani ba, bincike da yawa a kansa a Journal of Stored Products Research ya fito. Masu nazarin ajiyar wake ba su da yawa a duniya, su wa za su yi ta ambatonsa? Amma je kasuwa bayan kaka ka ga buhunan a jibge, baki ɗaure tamau. Wannan aikin nake so ɗalibaina su yi, ko ambato bai zo ba.

Abdu: Ga kuma kuɗi. A 2021 Nature ta sa Yuro 9,500 ga mai son kowa ya karanta maƙalarsa kyauta, sama da miliyan 6 na CFA.

Malam Isuhu: Ba dole ba ne, ana bugawa ba tare da an biya ba.

Malama Rakiya: Sai kuma a kulle ta, ɗalibin da ɗakin karatunsu bai biya kuɗin samun mujallar ba ya tsaya a taƙaitaccen bayani.