Kwalin lauya na shekara 13 a ƙasan akwati, ina zan dosa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Shugabar zaure, don Allah a ɓoye sunana, akwai dangin maigidana a nan ciki.

Na karanta shari'a a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ɓangaren da ake haɗa dokar ƙasa da ta Musulunci, na gama a 2012. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya zaɓa min. Masinja ne a kotu har ya yi ritaya, kullum yana ɗauke da fayil yana rusuna wa waɗanda ya haifi sa'o'insu, burinsa a duniya ya ga 'yarsa ta miƙe a gaban alƙali ana sauraronta. Ranar da sunana ya fito, a ƙasa ya taka daga Tudun Wada har gidan Gwaggo a Unguwar Sanusi don ya gaya mata da bakinsa. Tun ina aji 1 ya daina kiran sunana, sai Barista. Duk ƙarshen wata yana zuwa Zariya da garin kwaki da ƙuli-ƙuli a leda, ya zauna a gindin bishiya har na fito daga lacca. Ya rasu a 2013, ina da tsohon ciki.

An ɗaura min aure ina aji 5. Yanzu yarana 4, babbar shekararta 12, autan bai cika 3 ba. Mahaifiyar maigidana tana tare da mu, ɓarin jikinta ya shanye, ni ke mata wanka da ba ta magani. Maigidana kayan gyaran mota yake sayarwa a Panteka, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kasuwa ta ja baya, kuɗin makarantar yara sai mun yi ta rarrashin mai makaranta. Ina ɗan haɗa turaren wuta da humra ina sakawa a WhatsApp, amma ribar ba ta wuce kuɗin tara da omo.

Makon jiya babbar 'yata tana neman zanin sallarta a ƙasan akwati ta zaro kwalina a cikin ledarsa, duk ya ɗau warin kafur. Ta karanta ta ce, "Umma, ashe ke lauya ce? To me ya sa ba kya zuwa kotu?" Wallahi na rasa bakin magana, banɗaki na shiga na yi kukana.

Na tura takarduna wurare da dama, shiru. Yawancin tallan aikin ma sai ka ga an ce kada a wuce shekara 27 ko 30, ni kuwa 37 nake. Wane aiki zan iya yi da wannan takardar a nan Kaduna, wanda ba zai raba ni da yarana ba?

Anti Barista: Wa alaikis salam ƙanwata. Kin ba mu labari mai tsawo amma kin tsallake abin da ya fi komai muhimmanci. Kin je makarantar horas da lauyoyi? An rantsar da ke? Kin yi bautar ƙasa? Sai mun san wannan kafin kowa ya buɗe baki.

Mai tambaya: Bautar ƙasa na yi, a nan Kaduna, na koyar a wata sakandare. Makarantar lauyoyi ce ban je ba. Sunana ya fito daidai lokacin rasuwar Baba da haihuwa, na ce sai baɗi, baɗin ce har yau.

Anti Barista: To magana ta fito. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: a idon doka ke ba lauya ba ce tukuna, mai digirin shari'a ce. Ba za ki tsaya wa kowa a kotu ba, ba za ki sa hannu a takarda da sunan lauya ba, sai kin yi makarantar nan, kin ci jarrabawar ƙarshe, an rantsar da ke, an shigar da sunanki a rajistar Kotun Ƙoli. Kin yi tafiyar shekara 5, saura kamar 1, sai ki zauna a bakin ƙofa kina tambayar ina za ki dosa? Hanya ɗaya ce, ki ƙarasa. Darussa 5 ne kacal: shari'ar laifuka, shari'ar da ba ta laifi ba, harkar filaye da kadarori, harkar kamfanoni, da ladubban aikin lauya. Kuma ba duk shekarar ake kwana a can ba, akwai watannin da ake tura ɗalibai kotu da ofishin lauyoyi su ga aiki da idonsu, ana iya nema a yi a garin da mutum yake. Reshen Bagauda na nan kan hanyar Kano, ko hedikwatar da ke Bwari, ki hau jirgi a Rigasa ki sauka a Kubwa. Gobe ki shirya ki je tsangayarku a Kongo, ta can ake bi wajen neman gurbi. Ni da goyo na yi tawa, ƙanwata na ɗauka muka kama ɗaki. Ban mutu ba.

Maman 'Yan Biyu: Allah sarki, kamar labarina kike bayarwa. Ni ilimin sinadarai na karanta, na fito da sakamako mai kyau, kafin aure an yi alkawari a gaban waliyyina cewa zan yi aiki. Ana kai ni gida magana ta canja. Yau shekara 10, duk sanda na tayar da zancen sai a ce me na rasa, ba a ciyar da ni ne? Abin da ya fi min ciwo, ƙanwarsa tana aiki a Abuja, shi ya nema mata. Na daina ma buɗe jakar takardun.

Ƙaramin Lauya, Kabala: Da izinin babbar yayarmu a aiki, ina da ja. A gaya mata gaskiyar abin da ke bayan hular gashin nan ta lauyoyi. Shekarata 4 da rantsuwa. Ofishin da na fara aiki, abin da ake ba ni a wata bai kai mafi ƙarancin albashin da gwamnatin jihar nan ta sa wa ma'aikatanta a 2024 ba, Naira dubu 72. Wani watan ma sai dai kuɗin mota in an aike ka kotu. Tun sassafe kana Titin Bida da baƙar kwat a cikin zafi, a kira shari'arka a ɗage ta cikin minti 2, ka koma ofis ka kai dare kana rubutu wani ya sa hannu. Ga kuɗin izinin aiki da dole ka biya kafin ƙarshen Maris duk shekara, ko ka samu ko ba ka samu ba. Ni da ba ni da mata ma ina ji a jikina. Yaya mai 'ya'ya 4 da mara lafiya a gida? Anti mai tambaya, kada ki ci bashi saboda wannan.

Anti Barista: Ƙanena, wahalar shekarun farko kowa ya sha ta, kada ka mayar da ita hujjar rufe wa wata ƙofa. Wa ya ce dole ta yi zaryar kotu? Da lasisi a hannunta, daga falonta za ta yi wa mutane rajistar kamfani a CAC ta intanet, ta rubuta yarjejeniyar haya da ta cinikin fili, ta bi wa mutane takardunsu a KADGIS, hukumar filaye ta jihar nan. Mata nawa ne a Kaduna ke jin nauyin zama gaban namiji su faɗi abin da ke tsakaninsu da miji ko rikicin gado? Kasuwa ce a buɗe. Amma aikin lauya sai da lasisi.

Malama daga Badarawa: 'Yar'uwa, ni koyarwa nake ba ki shawara. Hedikwatar NTI, cibiyar horas da malamai ta ƙasa, na nan Rigachikun a bayan gidanmu, suna yin difilomar koyarwa ta masu digiri, PGDE, kuma yawanci a ƙarshen mako ake karatun. Ki yi ta, ki yi rajista da hukumar malamai ta TRCN, ki nemi sakandare ki koyar da darasin gwamnati ko na sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Ku fita tare da yaranki ku dawo tare, hutunsu hutunki. Wasu makarantun ma suna rage wa malamai kuɗin 'ya'yansu. Albashin dai ba yabo ba fallasa, ni kaina wata 2 nake bin makarantar da nake, amma da babu gara ba daɗi.

Mai tambaya: Na gode Malama. Na gwada koyarwa a bautar ƙasa, wallahi ba ni da haƙurin aji. Kuma in na fita tun safe wa zai juya Hajiya a kan gado? Anti Barista, ba wai ba na so ba ne. Ke kin samu ƙanwar da za ta bi ki, ni ce mace ɗaya a ɗakinmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ban yi nadamar zaman da na yi ba, yarana 2 sun yi nisa a hadda, ban yarda a ce na ɓata shekarun nan ba.

Baban Yara, Kawo: Ni abin da ban ji ba a duk zancen nan shi ne ra'ayin maigidan. An tambaye shi? Jinyar mahaifiyarsa da kike yi, ladan da ke ciki ya fi duk wata hular gashi. Ki riƙe sana'arki, ki yawaita istigfari, arziki na Allah ne.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, jinyar uwarsa a kansa take da 'yan'uwansa, ita kyautatawa take yi, a daina ɗora mata kamar dole. Ina 'ya'yan tsohuwar mata? Ke kuma 'yata, rabu da wahalar boko. Ni aji 3 na sakandare na tsaya, yau shago 2 gare ni a Kasuwar Gumi, yaron da ke rubuta min rasit digiri gare shi. Kuɗin da za ki kai Bwari ki zuba a turarenki, ki samu kwalabe masu kyau da suna, ki shiga gidajen biki. Abin da ke kashe mu kawai masu karɓar kaya bashi, akwai wadda ta kwashe min leshi tun kafin azumi, kullum ina ganinta a biki da shi a jikinta.

Mai tambaya: Maigidana bai hana ba, bai kuma ce e ba. In na yi maganar sai ya ce bari abubuwa su daidaita. Ba na so a zage shi a nan, mutumin kirki ne.

Hajiya Mai Atamfa, ba kuɗin ne kaɗai ba. Bari na faɗi wani abu. Bara mijin maƙwabciyata ya rasu ya bar ta da 'ya'ya 3, ga kishiya, ga mahaifiyarsa da rai. 'Yan'uwansa suka ce mata gidan na maza ne, ta tattara ta koma gidansu. Ta shigo min da daddare tana rawar jiki. Na yage bayan littafin 'yata na zana mata: tumuni, wato kashi 1 cikin 8, nasu ne ita da abokiyar zamanta su raba, sudusi na tsohuwa, saura na 'ya'ya, namiji ya ɗau rabon mata 2. Na ce kada ta sa hannu a komai, ta kai maganar kotun shari'a a raba a gaban alƙali. Har yau tana cikin gidanta. Daren nan ban yi barci ba don daɗi. Tun daga nan mata ke shigo min da takardun haya da na gado. Irin wannan nake so ya zama aikina, ban san sunansa ba.

Wata Baiwar Allah: Sunansa sulhu da wayar da kai, kuma ba sai an rantsar da mutum ba. Akwai kwas na masu shiga tsakani da cibiyar ICMC ke bayarwa, ba ya ɗaukar dogon lokaci, a 2023 ma aka yi sabuwar dokar sasanci ta ƙasa. Ki kuma leƙa ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ki ce kina son aikin sa kai ko da kwana 2 a mako. Ƙungiyoyi masu zaman kansu suna neman mai jin Hausa da ta san doka, wadda za ta iya shiga gidajen kulle. Ta haka ake samun abin rubutawa a takardar neman aiki, gibin shekara 13 ɗin nan ya ragu.

Anti Barista: Abin da kika yi wa maƙwabciyarki Allah ya ba ki lada, amma ki yi hattara. Ranar da kika rubuta wa wani takardar cinikin fili kika karɓi kuɗi, ko kika bari unguwa na kiranki Barista kina amsawa, kin taka Dokar Lauyoyi, laifi ne da ake hukuntawa. Kwasa-kwasan nan duk ado ne, ba sa maye gurbin lasisi. Labarin da kika bayar ma shi ya ƙara tabbatar min ke lauya ce a jini. Mahaifinki bai yi ta zarya Zariya da garin kwaki don ki ƙare a aikin sa kai ba.

Mai tambaya: Anti, don Allah a bar Baba ya huta a kabarinsa. Na san abin da ya so, ni ce nake kwana da shi a raina. Ban taɓa karɓar ko sisi a hannun kowa ba. Kuma ko na yarda zan tafi, karatun ya tsufa a kaina, dokar kamfanoni ma an sake ta a 2020, wadda na karanta ba ita ke aiki ba. In na sayar da 'yan kunnena na je na faɗi jarrabawa fa? Da wane ido zan kalli mutanen gidan nan?

Ƙaramin Lauya, Kabala: Ana faɗuwa kam, a ajinmu ma waɗanda suka fito daga jami'a da zafinsu sun faɗi.

Anti Barista: Ana kuma sake zama a ci. Ki turo min saƙo ta bayan fage, littattafaina na nan, zan ba ki kyauta.

Maman 'Yan Biyu: Don Allah mai maganar kwas ɗin sulhu, wanda bai karanta shari'a ba zai iya yi? Kuma ana yi daga gida?

Mai tambaya: Na gode muku duka. Zan yi istihara. Hajiya na kira, lokacin maganinta ya yi, in na samu sarari zan dawo na karanta sauran.