Inna Ta Rasu Ina Landan

Baƙuwar Landan:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa ranar Talata a Kano, an kai ta Dandolo da hantsi. Ni ina nan Landan, aikin dare nake a gidan kula da tsofaffi. Bakina ya kasa magana, sai alƙalami. Wanda zai amsa mini ya amsa da baiti, kamar yadda muka saba.

Da sunan Allah nake farawa,
Wanda bai bar bawa shi kaɗai ba.

Wayata ta yi ƙara kafin asuba,
Na ga sunan Yaya, raina bai so ba.

Ya ce, "Ƙanwata, Inna lokaci ya yi,"
Ya yi shiru, bai iya ƙarasawa ba.

Ina tsaye a kan wata tsohuwa,
Ina ba ta ruwa, ba ta gama sha ba.

Na goge mata baki, na gyara filo,
Hannuna na rawa, ba ta lura ba.

Na shiga banɗaki na tura ƙofa,
Na yi kukan da kowa bai ji ba.

Ƙararrawar ɗaki na gaba ta kaɗa,
Na fito fuskata ba ta bushe ba.

Jirgi zuwa Abuja awa shida ne,
Amma a Kano ba a saba ajiye gawa ba.

Ina cikin bas aka kira ni a bidiyo,
An ɗaga makara, ba a kai zaure ba,

Na ji salatin mata ya tashi,
Layi ya yanke, ban ga fitarta ba.

Rana a nan ba ta kai ƙarfe huɗu,
Na yi Magariba ban ci na rana ba.

A jirgin ƙasa kowa da abu a kunne,
Mun haɗa kafaɗa, ba mu gaisa ba.

Maƙwabcina bango ɗaya muke,
Har yau ban san sunansa ba.

A gida yanzu an shimfiɗa tabarmi,
Tsakar gida ta cika, wuri bai isa ba.

Ni ɗakina gado ne da kujera,
Ko mutum ɗaya bai ce "Ya haƙuri?" ba.

Na yi wa uwayen wasu wanka da yawa,
Tawa ta tafi ban zuba mata ruwa ba.

Malam, in nemi a yi mata sallar ga'ibi?
Zuciyata har yanzu ba ta natsu ba.

Malam Na-Zazzau:

Wa alaikumus salam 'yata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, ya haskaka makwancinta. Ya haƙuri? Na riƙe miki amsa-amonki.

'Yata ki daure, ki ƙara haƙuri,
Ajali ba ya jinkiri ko sauri,
Da kina gabanta tun da fari,
Da ba ki ƙara mata numfashi ba.

Jama'a ta taru ta yi mata salla,
Sahu-sahu an miƙa ta ga Allah,
Ki ɗaga hannu, ki share ƙwalla,
Addu'ar ɗa ba ta taɓa ɓatan hanya ba.

Mutum in ya mutu aikinsa ya yanke,
Sai abu uku da ke nan a miƙe,
Sadaka, ilimi, da ɗan da ya riƙe
Addu'a, bai manta da iyaye ba.

Landan da Kano a taswira da nisa,
Amma roƙo ba ya neman biza,
Kafin ki shafa ya riga ya isa,
Ba a taɓa tare shi a kan iyaka ba.

Batun sallar ga'ibi kuwa, gaskiya ne Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi sarkin Habasha ita a Madina, kuma Shafi'iyya da Hambaliyya sun yi riƙo da haka. Malamanmu na Malikiyya suna ganin wannan keɓantacce ne gare shi. Tunda an sallaci Hajiya a gida, haƙƙinta ya sauka. Ki yi mata sadaka da abin da ya sawwaƙa.

Hajiya ta Jidda:

Allah ya jiƙan rai, ƙanwata. Malam, Allah ya gafarta maka, zan sauya amsa-amo, zan kuma ɗan ƙara a kan maganarka. Ni 'yar takari ce, wannan hanyar na bi ta da ƙafata.

Malam, gaskiya ka faɗa duka,
Amma ka bar ƙanwata ta yi kuka.

Annabi da ɗansa Ibrahim ya rasu,
Idonsa ya zubar, sahabbai sun ga haka.

Ni na zo Umra da ƙuruciyata,
Na zauna wanki da shara a Makka.

Daga Shara Mansur na koma Jidda,
Karantina, ɗaki guda mu duka.

Ba igama, in na fita ba dawowa,
In na hango askar in shige ɗaka.

Baba ya rasu, labari ya zo a kaset,
Bayan arba'in, an gama sadaka.

Na sa shi a rediyo, muryar Goggo,
Tana kiran sunana tana kuka.

Da safe na wanke kwanukan uwar ɗakina,
Ban gaya mata ba, na wuce haka.

Abin da na haɗiye a wannan shekara
Ya zama hawan jini, maganin na jaka.

Ƙanwata ki nemi mutum ko ɗaya,
Ki ba shi labarin Inna, ki faɗa duka,

Yadda take dariya, yadda take faɗa,
Da waƙar da take yi in tana daka.

Ɗan Fagge:

Anti, Allah ya jiƙan Inna, ya ba ku haƙuri. Ni ban taɓa hawa jirgi ba, adaidaita sahu nake ja. Amma baitin nan naki na ruwa ya hana ni barci, dole in ce wani abu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 jinya ta fi ƙarfin talaka a garin nan, a 2024 kuma fam ɗaya ya haura naira 2,000. Gidan da ke da ɗa a waje daban yake, a idona nake gani.

Anti kin ce ba ki zuba mata ruwa ba,
To wa ya biya kuɗin jinyarta?

Ni ɗan adaidaita ne a Fagge,
Na sha kai tsohuwa asibiti da 'yarta.

Likita ya rubuta magani a takarda,
'Yar ta ninke ta sa a haɓar zanenta.

Su fito mu juyo ba leda a hannu,
Kuɗin hayar ma sai na yafe mata.

Tana gefen uwa dare da rana,
Ba ta da abin da uwar ke buƙata.

Ke kina can sanyi na cin ƙashinki,
Alat na shigowa ƙarshen wata.

Duk allurar da aka yi wa Inna,
Da barcin da kika rasa aka saye ta.

Kada ki taho da zafin zuciya, Anti,
Mu da ke nan ƙofa muke nema ta fita.

Baƙuwar Landan:

Mun gode Allah, Malam. Kai ne farkon wanda ya yi mini wannan gaisuwar ba ta wayar gida ba. Hajiya, Ɗan Fagge, Allah ya bar zumunci. Akwai abin da ban faɗa ba. Na shigo ne bayan watan Maris na 2024, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta hana masu bizar kula da tsofaffi tahowa da iyalansu. Bizar kuma a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki. In aikin ya kuɓuce, kwana 60 ake ba mutum ya samo wani ko ya bar ƙasar.

Ƙanena na ji ka, Allah ya yi albarka,
Amma ba jinya kaɗai ke cin raina ba.

Inna ta ce da ni a ƙaramar Salla,
"Ki zo in gan ki," ban samu hutu ba.

Yarana biyu a ɗakinta suke kwana,
Babansu ya rasu, ƙaramar ba ta san shi ba.

Ita ke tashinsu, ita ke yi mata kitso,
Islamiyya da boko ba su taɓa makara ba.

Jiya ƙaramar ta karɓi waya ta ce,
"Umma, Inna ta tafi ba ta ɗauki carbinta ba."

Babban ya ce mini "Ina wuni" kawai,
Muryarsa ta buɗe, ban gane ta ba.

In na koma, da me zan riƙe su?
In na zauna, ban ga hannun da zan bar wa ba.

Hajiya, na ji maganarki ta kuka,
Sai dai ban ga wanda zan yi wa ba.

Anti ta Woolwich:

Subhanallahi! Yanzu na tashi daga aiki na ga wannan.

Ashe kina garin nan, 'yar'uwa,
Kika kwana uku ba mai gaisuwa?

Na zo Ingila da ƙuruciyata,
Ga furfura yau, na zama tsohuwa.

Nas ce ni a asibitin gwamnati,
Na ga haihuwa, na ga mutuwa.

Maigidana yana kwance a Hainault,
Cikin Musulmi, ƙasa mai ruwa.

Ranar da aka kai shi ana yayyafi,
Ga 'yan Ghana, 'yan Nijar, ga Katsinawa.

Su suka zauna mini kwana uku,
Bashi ne wannan, yau ranar ramawa.

Akwai kuka da daddawa na Peckham,
Tuwon shinkafa ni ce mai tuƙawa.

Tabarma babu, amma akwai kafet,
Mu ture kujeru mu yi zaman gaisuwa.

Batun yara ba na dare ɗaya ba ne,
Kada ki yanke shi cikin ɗimuwa.

Akwai lauya a cikin 'ya'yanmu,
Ki taho da takardunki don dubawa.

Bakwai ta faɗo Litinin, kin san nan kowa na wurin aiki, don haka Lahadi za mu yi. Ki zo da wuri, bayan Azahar, tunda Magariba na saurin yi. Jirgin ƙasa na layin Elizabeth na tsayawa a Woolwich, zan sa a ɗauko ki a tasha. Na tura miki lambata ta saƙon sirri. Kuma a gidana za ki kwana, ban yarda da gardama ba.

Malam Na-Zazzau:

Hajiya ta Jidda, hadisin da kika kawo ingantacce ne, yana cikin Bukhari. Hawaye rahama ne, kururuwa da yaga tufa aka hana. 'Yata, game da yara: a fiƙihunmu riƙon yaro na uwa ne, sai kakarsa ta wajen uwa, bayan ita kuma 'yar'uwar uwa ke biye. In kina da ya ko ƙanwa mai amana, ta can za a fara.

Ki je Woolwich ki zauna da mata,
Makoki ba a yi shi don mutum ɗaya ba.

Baƙuwar Landan:

Anti, na ari amsa-amonki.

Anti na ga saƙo, Lahadi ina tafe,
Allah ya jiƙan Alhaji, ya ƙara masa ni'ima da yalwa.

Wata 'yar Zimbabwe ta karɓar mini aikin,
Ita ma bara ta rasa uwa.

Malam, ƙanwata tana Sharaɗa,
'Ya'ya huɗu, ɗaki biyu, ga tsadar rayuwa.

Zan sa Yaya ya yi wa mijinta magana,
In ya amince, ni ce mai ciyarwa.

In bai amince ba, ba zan ga laifinsa ba,
Sai in tattara in kama hanyar komawa.

Ɗan Fagge, turo mini lambar waya,
Yara na buƙatar mai kaiwa da ɗaukowa.