Wai me ya sami Emma Raducanu ne tun bayan US Open?

Abban_Khairat

Salam 'yan uwa. Na san yawancinmu a nan ƙwallon ƙafa muka fi bi, amma akwai masu kallon tanis tsakani da Allah, to su nake so su taimaka min da wannan tambayar don ta daɗe tana damuna. Yarinyar nan 'yar Ingila Emma Raducanu da ta ci US Open a 2021 tana shekara 18, wai ina matsalar take ne? Yarinya ta shigo gasar tana ta 150 a duniya, sai da ta bi ta wasannin share fage ma kafin ta samu shiga, wasa goma ta buga ba wadda ta karɓi ko set ɗaya a hannunta, ta zo fainal ta doke Leylah Fernandez 6-4 6-3, kuma kafin ita ba a taɓa samun wanda ya taso daga share fage ya ɗauki Grand Slam ba (wato ɗaya daga manyan gasannin tanis huɗu na shekara), mace ko namiji. Yau ga shi an rufe kakar 2025, sama da shekara huɗu kenan, ko ƙaramin kofi ɗaya ba ta ƙara ɗagawa ba. Sa'a ce kawai ta yi a lokacin? Ko kuɗin talla ne suka ɗauke mata hankali kamar yadda ake ta faɗa? Ni dai ina son wasanta sosai, musamman yadda take tare sabis ta mayar da wuri, shi ya sa abin yake min ciwo.

Bakatsine77

Wslm. Abban Khairat ni ba zan ɓoye maka ba, laifinta ne da na mahaifinta. Ka ƙirga kocin da yarinyar nan ta canza mana. Nigel Sears ne ya kai ta zagaye na huɗu a Wimbledon 2021 aka rabu da shi. Andrew Richardson shi ne ya zauna a kujera har ta ci US Open ɗin, ko wata ɗaya ba a yi ba aka sallame shi wai ana neman wanda ya fi gogewa. Aka kawo Torben Beltz bai wuce wata biyar ba, aka kawo Dmitry Tursunov shi da kansa ya tattara ya tafi, sai Sebastian Sachs, sai Nick Cavaday, akwai ma Vladimir Platenik da sati biyu kacal ya yi, sai Mark Petchey, a 2025 kuma Francisco Roig wanda ya daɗe da Nadal. Haba! Kowa ya zo da yadda yake so ki riƙe raket da yadda yake so ki buga sabis, yaushe hannu zai zauna? Ga kuma Dior ga Tiffany ga Porsche ga British Airways ga HSBC, duk a cikin 'yan watanni. Wanda ya samu dala miliyan 2.5 a dare ɗaya sannan kamfanoni suka bi shi da wasu miliyoyin, yunwar nan da ke sa mutum ya tashi da asuba ya tafi tirenin ba za ta zama ɗaya da ta da ba, ko an ƙi ko an so.

Malam_na_Zinder

Bakatsine, maganar koci kana da gaskiya a wani ɓangaren, rabuwa da Richardson kam ni ma har gobe ban ga hikimarta ba. Amma a cire Cavaday daga lissafin, shi rashin lafiyarsa ce ta sa ya ajiye aikin. Kuma ni a ganina ba nan asalin abin yake ba.

Abin da mutane ba sa kula da shi, ranar da Raducanu ta ɗaga kofin nan ba ta taɓa cin wasa ko ɗaya a gasannin yau da kullum na WTA, hukumar tanis ta mata, ba. Ko ɗaya fa. Na farkonta sai a watan Oktoba na 2021 a Cluj ta ƙasar Romaniya, ƙasar mahaifinta, wato sai da ta ci Grand Slam tukuna ta ci wasan da sa'o'inta suka ci tun suna 16 ko 17. A farkon shekarar ma jarrabawar kammala sakandare ce a gabanta, lissafi da tattalin arziki, ga korona ta tsayar da ƙananan gasanni, ta yi wata da watanni ba ta buga gasa ba. Ta shiga Wimbledon da tikitin alfarma tana ta 338. To kamar ɗalibin da aka ɗauko daga aji uku ne aka kai shi ajin ƙarshe na jami'a saboda ya ci jarrabawa ɗaya mai wuya, jarrabawar kam ya ci ta da gumin goshinsa, amma darussan da ya tsallake suna nan suna jiransa.

Sai maganar rankin, wadda ita ce ta fi rikita mutane. Rankin na tanis ba kamar teburin lig ba ne da ake gogewa a sake sabo, makin da ka samu a sati 52 da suka wuce ake tarawa, duk makin da ya cika shekara sai ya zube. Wadda ta ci Grand Slam maki 2000 ake ba ta, wadda aka cire a zagayen farko maki 10. To ita Raducanu wannan 2000 ɗin shi ya ɗauke ta daga 150 ya dire ta a 23, kuma shi ya yi ta riƙe ta har ta kai ta 10 a duniya a watan Yuli na 2022, alhali a yawancin shekarar daga ta ci wasa ɗaya ko biyu sai a cire ta. Jama'a suna ganin lamba 10 a gefen sunanta suna jiran wasan 'yar lamba 10, ita kuwa a lokacin take zagayen duniya karo na farko, ko wasa a jar ƙasa a matakin manya ba ta taɓa yi ba sai a 2022 ɗin. Da ta koma New York don US Open na 2022 Alize Cornet ta cire ta a zagayen farko 6-3 6-3, makin ya zube gaba ɗaya ta faɗo ta 83. Jaridu suka ce ta rushe. Ni kuwa cewa nake 83 ɗin nan shi ne matsayinta na gaskiya a lokacin, kuma ga yarinya mai shekara 19 a cikakkiyar kakarta ta farko wallahi ba abin kunya ba ne, a cikin 100 na duniya take.

Kuma wata illar babban rankin ɗin, ya shigar da ita manyan gasanni kai tsaye inda tun zagayen farko ƙwararriya za ki tarar, ta rasa damar nan ta zuwa ƙananan gasanni ta buga wasa huɗu biyar a sati jiki ya saba. Shi ya sa jikin ya yi ta ba ta matsala, bororo a hannu a Australian Open 2022, ciwon baya, ciwon haƙarƙari, targaɗe a idon sawu a Auckland farkon 2023, har dai a watan Mayu na 2023 aka yi mata tiyata a wuyan hannu duka biyun da idon sawu ɗaya, sauran shekarar duk a gida ta yi ta, rankin ya gangara har wajen 300.

Batun sa'a kuma, eh ba ta haɗu da 'yar goman farko ba a hanyarta, Fernandez ce ta share su Osaka da Svitolina da Sabalenka a ɗaya ɓangaren. Amma ta doke Belinda Bencic da ta ci zinare a Olamfik na Tokyo 'yan makonni kafin nan, ta doke Maria Sakkari a kusa da na ƙarshe. Set 20 a jere sa'a kaɗai ba ta bayar da shi.

Maman_Ilham

Allah ya saka da alheri Malam, ka faɗi abin da ke raina. Ni abin da nake so na ƙara shi ne ku tuna wace ƙasa take wakilta. Ingila rabon da mace ta ci musu Grand Slam tun Virginia Wade a 1977, shekara 44 suna jira, sai ga yarinya ta kawo musu, to duk yunwar nan a kanta aka sauke. Tun kafin ma ta ci kofin, lokacin da numfashinta ya sarƙe ta kasa ƙarasa wasa da Tomljanovic a Wimbledon, manyan mutane masu jikoki suka hau talabijin da Twitter suna cewa ba ta da zuciya. A 2024 da ta janye daga wasan haɗin gwiwa da Andy Murray saboda wuyan hannunta ya riƙe, hannun da aka yi wa tiyata fa, zagin da ta sha ba a magana. Sannan abin da ya faru a Dubai a Fabrairun 2025, wani mutum da ya yi ta bin ta gari gari ya zo ya zauna a cikin 'yan kallo tana wasa da Muchova, yarinyar nan ta je bayan kujerar alƙalin wasa ta ɓuya tana kuka, kuma a haka ta share hawaye ta ƙarasa wasan. Ni uwa ce, da na ga bidiyon nan raina ya ɓaci ƙwarai. Ita da bakinta ta faɗa wa wata jarida a 2023 cewa wani lokacin takan ji da ma ba ta ci US Open ɗin ba. Wanda yunwar wasa ta bar shi ba ya yarda a yanka masa hannu biyu ya dawo ya faro daga ƙasa, kuɗin da za ta zauna ta ci har ƙarshen rayuwarta ai tana da su, Bakatsine.

Bakatsine77

Hajiya abin Dubai kam ba wanda zai ji daɗinsa, Allah ya kare mana 'ya'yanmu. Amma matsin lamba ai ba a kanta aka fara ba. Iga Swiatek shekararta 19 ta ci French Open a 2020 tana ta 54 a duniya, ita ma ba ta bar set ko ɗaya ba, duk Poland ta ɗora mata ido, me ya biyo baya? Ta zama ta ɗaya a duniya a 2022, zuwa ƙarshen 2025 Grand Slam shida gare ta. Coco Gauff tana 15 ta doke Venus Williams a Wimbledon, Amurka gaba ɗaya ta ce ga magajiyar Serena, wane nauyi ya fi wannan, amma ta ci US Open 2023 ta ƙara da French Open 2025. Swiatek ta riƙe kocinta sama da shekara bayan kofin farko, kuma tana yawo da likitar halayyar ɗan adam a tawagarta tun kafin ta yi suna. Tsari ne ya bambanta su, ni a nan na tsaya.

Abban_Khairat

Na gode ƙwarai, na ƙaru wallahi, musamman bayanin makin nan na sati 52. To Malam yanzu da ta gama 2025 tana ta 29, kana ganin akwai sauran fata ko iyakarta kenan? Don duk wasan da na kalla ta haɗu da manya a bana abin ba daɗi.

Malam_na_Zinder

Bakatsine misalanka biyu masu kyau ne, sai dai su biyun sun riga sun yi shekaru a zagayen kafin kofin ya zo. Gauff shekara huɗu tsakanin doke Venus da cin US Open, kuma dokar WTA ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 yawan gasannin da za su shiga ta sa ta hau a hankali, dokar da aka kawo bayan abin da ya sami Jennifer Capriati, wadda ta fara wasan manya tana 13. Swiatek ta kai fainal a Lugano da zagaye na huɗu a Paris tun 2019. In kana neman irin Raducanu ka dubi Bianca Andreescu da ta doke Serena a fainal na US Open 2019 tana 19, rauni ya hana ta sakat tun daga nan, ko Sofia Kenin bayan Australian Open 2020.

Abban Khairat, 29 ɗin nan ni ta fi min 10 ɗin 2022 daraja nesa ba kusa ba, don wannan a hankali aka tara ta, kwata fainal a Miami, kusa da na ƙarshe a Washington inda ta doke Osaka da Sakkari, zagaye na uku a Grand Slam uku, kuma bana ce shekarar da ta fi buga wasanni da yawa tun da ta fara. Ta ɗauki Yutaka Nakamura mai horar da jiki wanda ya yi aiki da Sharapova da Osaka, an kuma ga bambanci duk da ƙarshen kakar a China rashin lafiya ya sa ta tsaya da wuri.

Ka duba su waye suka cire ta a manyan gasanni huɗu na bana, Swiatek a Ostireliya, Swiatek a Paris, Sabalenka a Wimbledon, Rybakina a New York. Da yake ba ta cikin 32 na sama da ake warewa a rabon jadawali, ana iya haɗa ta da kowa tun ranar farko. In ta riƙe matsayinta zuwa Janairun 2026 za a ware ta a Australian Open a Melbourne, ba za ta ga wata da aka ware ba sai zagaye na uku.

Amma kar na yi maka daɗin baki, akwai giɓi. Da Sabalenka ta yi ƙoƙari, 7-6 6-4 a Wimbledon, a Cincinnati ma sai da aka kai set na uku har bugun raba gardama. Swiatek kuwa 6-1 6-0 ta yi mata sannan 6-1 6-2, Rybakina 6-1 6-2. In ta haɗu da mai duka da ƙarfi tun daga ƙwallon farko ba ta samun lokacin shirya nata bugun, sabis ɗinta na biyu kuma suna hawa kansa su yi yadda suka ga dama. Ga wasanni biyu da ta bari suka kuɓuce a Seoul da Beijing, da Krejcikova da Pegula, duk ta kai makin da zai ba ta wasan ta kasa rufewa. Ni abin da zan so ta yi a 2026, ta bar Roig ya cika shekara cur, kuma ta sauko ta shiga ƙananan gasannin WTA masu maki 250 guda uku ko huɗu ta nemi kofi a can, don zuwa ƙarshen 2025 rabonta da fainal a matakin WTA tun daren nan na New York.