Saban ko Bryant: wa ya fi a Alabama?

Yaya Babba: Ni dai ina nan a kan bakana. A ƙwallon Amurka na jami'o'i ba a taɓa yin koci kamar Nick Saban ba. Kofin ƙasa bakwai ya ɗauka, ɗaya a Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) a 2003, shida a Jami'ar Alabama daga 2009 zuwa 2020. Bear Bryant a shida ya tsaya.

Kawu: Ɗana, bi a sannu. Gidan da Saban ya shiga a 2007, wa ya gina shi? Bryant ɗan gida ne, ya buga wa Alabama yana ɗalibi, har ya shiga wasa da Tennessee a 1935 da karaya a ƙafa. Da ya dawo koci a 1958, wasa huɗu kacal ƙungiyar ta ci cikin shekara ukun da suka gabaci zuwansa. Ya riƙe ta shekara 25, ya bar aiki da nasara 323 a rayuwarsa, bai cika wata guda da wasansa na ƙarshe ba ya rasu.

Auta: Kawu, a gafarce ni, amma kofunan nan shida akwai magana. A 1964 da 1973 tun kafin wasan ƙarshen kaka aka naɗa su zakaru, sai Texas ta doke su, Notre Dame ma ta doke su 24 da 23.

Kawu: Ƙa'idar zamanin ce, ba shi ya kafa ta ba.

Yaya Babba: To a zamanin Saban, 'yan wasa 85 kawai ake bai wa tallafin karatu, ba damar tara yara a ajiye. Kuma ku tuna wasan ƙarshe na kofin ƙasa a Janairun 2018: Georgia na gaba da 13, Alabama ba ko ɗaya. Bayan hutun rabin lokaci Saban ya zaunar da mai jagorantar 'yan wasansa a fili, Jalen Hurts, ya sako sabon shiga Tua Tagovailoa, suka ci 26 da 23. Wannan zuciya fa?

Goggo: Abin da ke ci mini rai daban ne. Sai 1971 baƙar fata ya fara buga wa Alabama wasa. Kofuna uku na farko Bryant ya ci su ne ƙofa a rufe ga yara irin namu. Da sunan da yake da shi a jihar, da ya matsa tun da wuri an saurare shi.

Kawu: Wannan kam ba ni da ja, Goggo, ya yi jinkiri. Amma kan horarwa, har yanzu Bryant nake zaɓa.

Auta: Ni kuma ina bayan Yaya Babba.