Domain Name da Hausa: Ni Dai Na Tsaya a Kan "Sunan Mazauni"

1/
'Yan uwa, ku zo mu warware wata kalma. Sunan nan da ake bugawa a saman burauza don a isa wani shafi, irin wikipedia.org, wanda kuma shi ne ke biyo bayan alamar @ a adireshin imel, Turawa suna ce masa domain name. Mu kuwa kowa da abin da yake faɗa. Na ji "sunan yanki", na ji "adireshin intanet", na ji "sunan shafi", wasu kuma sun huta, "domen" kawai suke cewa. Na daɗe ina juya maganar a raina, kuma inda na tsaya shi ne sunan mazauni. Bari in bi da ku hanyar da na biyo.

2/
Mu fara sanin abin kafin mu raɗa masa suna. Kwamfutoci da lamba suke gane juna, mutum kuwa ba ya iya riƙe lambobi barkatai. A farkon intanet, fayil guda ake rarrabawa mai ɗauke da sunan kowace kwamfuta da lambarta. Da kwamfutoci suka yi yawa, fayil ɗin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983: kai ka buga suna, tsarin ya nemo maka lamba. Sunan .com na farko da aka yi wa rajista shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris 1985. Abin lura a nan shi ne sunan daban, kwamfutar da ke ɗauke da shafin daban. Kana iya kwashe shafinka daga wannan kamfani zuwa wancan sau goma, sunan yana nan daram.

3/
"Sunan yanki" fassara ce ta kalma da kalma. Bahaushe in ya ji yanki, ƙasa yake gani, gabas ko yamma. Ga shi kuma wasali ɗaya ne ya raba shi da "sunan yanka". Na ajiye shi.

"Adireshin intanet" ya fi kama hankali, sai dai ya yi faɗi. Lambar kwamfuta adireshi ce, imel adireshi ne, dogon layin nan da ake turo maka a WhatsApp shi ma adireshi ne. "Sunan shafi" kuma ya yi ƙunci, domin suna ɗaya na iya ɗaukar shafuka dubu, wani ma bai da shafi ko ɗaya, don imel kawai ya kama shi.

4/
Wanda na fi so da farko shi ne "sunan zaure", kuma har yanzu ina jin zafin rabuwa da shi. Ta zaure baƙo ke shigowa, a nan ake sallama, a nan ake ajiye saƙo. Wanda ya ƙwace maka zaure shi zai riƙa karɓar baƙinka ko da bai leƙa cikin gida ba, kuma haka satar wannan suna take sak. Amma wata malama ta tunatar da ni cewa an riga mu: zaure ya zama na tattaunawa, kowa yana cewa zauren WhatsApp. Gaskiyarta. Kalmar da jama'a suka riga suka ba aiki ba a ɗora mata wani a kai.

5/
To me ya sa mazauni? Saboda tana da abokiyar tafiya, wato masauki. Kamfanin da ke ajiye maka fayilolin shafi masauki ne, yau kana nan gobe ka tashi. Sunan da aka san ka da shi, wanda ke kan katinka da kwalin kayanka, shi ne mazauni. Kalmomin biyu suna bayyana juna ba sai an yi dogon sharhi ba.

Sannan tana faɗa wa mai sana'a wata gaskiya. Wanda duk kasuwancinsa yana Facebook ko Instagram raɓe yake a gidan wani. Ranar da mai gida ya sauya doka ko ya rufe asusun, babu inda za a neme shi. Mai sunan mazauni kuwa, ko an rufe masa ko'ina, akwai inda za a ce "je ka can".

6/
Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato aikatau ɗin da ke raka sunan. Kowa cewa yake "na sayi domen". Ba saya ake yi ba, haya ake kamawa. A .com da ire-irensa, daga shekara 1 zuwa 10 kake biya, in wa'adi ya cika ka sabunta ko ka rasa.

Yayata tana da sana'ar ɗinki, wani saurayi ya gina mata shafi. Da imel ɗinsa ya yi rajistar sunan, ita kuma ta ɗauka ta saya an gama, kamar keken ɗinki. Shekara ta zagayo, saƙonnin tuni duk suna zuwa akwatinsa, shi kuma ya bar aikin, wayarsa ba ta shiga. Wata safiya ta kira ni murya na rawa: "Ƙanina, buɗe shafina ka gani." Na buɗe. Tallan caca ne cike da allo, a ƙarƙashin sunan da ta yi shekaru tana ɗinkawa a wuyan kowace riga. Na ce, "Yaya, wa ke biyan hayar sunan?" Ta yi shiru, can ta ce, "Haya kuma? Ai saya na yi." Wannan kalma ɗaya ce ta cuce ta. Da tun farko an ce mata haya ce, ita da kanta za ta tambayi ranar biya.

7/
Kada a ce rashin sani ne na ƙananan 'yan kasuwa. A Disambar 1999 Microsoft ta bari wa'adin passport.com ya wuce, masu imel na Hotmail, da ta wannan sunan suke shiga, suka kasa buɗe akwatinsu, sai wani mutum daga waje ne ya biya mata. Dokar mai gida ma tana sauyawa: bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, mazauna can da ba 'yan ƙasashen Tarayyar ba sun rasa damar riƙe sunayen .eu daga farkon 2021.

In wa'adi ya wuce ba nan take ake rasa suna ba. A .com akan ɗaga maka ƙafa na wasu kwanaki, gwargwadon kamfanin da ka bi ta hannunsa. Bayan nan akwai kwana 30 da za ka iya karɓo shi da tara mai nauyi, wannan ni "lokacin fansa" nake ce masa. Sai kwana 5 na jiran gogewa, daga nan kowa ya riga shi ya samu, kuma akwai masu manhajar da aikinta kenan, dakon sunayen da suka faɗi.

8/
Sauran dangin kalmar sun zo min da sauƙi. Kamfanonin da ke yi maka rajista, irin GoDaddy da Namecheap, dillalan suna ne. Mai riƙe da babban kundin, kamar yadda Verisign ke riƙe da na .com, shi ne mai kundi. ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet, wadda aka kafa a 1998, ita ke ba dillalan .com da ire-irensa izini. Guntun nan na ƙarshe, .com ko .org, jela ce. Jela mai harafi biyu ta ƙasa ce: .ng ta Najeriya, .ne ta Nijar, .tv ta Tuvalu, .ai ta tsibirin Anguilla. Abin da ake ƙarawa a gaba, kamar ha a ha.wikipedia.org, reshe.

9/
Wajen zaɓen suna akwai tarkon da mu ya fi kamawa. Tsarin asali haruffa a zuwa z ya sani, da lambobi, da karan ɗori, kada su wuce 63. Bai san ƙ, ɗ, ɓ ba, ba ya kuma karɓar alamar da ke kan 'y. An ƙirƙiro hanyar saka haruffan da ba sa cikin a zuwa z, amma ba kowane mai kundi ke karɓar kowane harafi ba, kuma mutane da yawa ba su da masu lanƙwasa a madannin wayarsu. Saboda haka ka tuɓe wa sunanka lanƙwasa ka sake karantawa. Gidan Ƙira zai koma gidankira, ƙira ta zama kira. Ƙura ta zama kura. 'Ya'ya su zama yaya. In ma'anar ta juye, tun yanzu nemi wani.

Gwajin da nake yi ba shi da wuya: faɗa wa wani sunan ta waya sau ɗaya, ka ce ya rubuto maka. In ya tambaya "da lamba ko da harafi?" ko "akwai kara a tsakani?", sunan bai nuna ba tukuna.

10/
Akwai kuma masu sojan gona, waɗanda ke kama suna mai kama da naka, su sauya harafi ɗaya ko jela. Waɗannan ba sai mun wahala ba, karin magana ta ba mu: sunan kama-da-wane. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar suna da haruffan Sirilik irin na Rasha, wasu burauzoji suka nuna shi tamkar apple.com, ido ba ya bambancewa. In wani ya kama sunan tambarinka da mugun nufi, akwai tsarin ƙara na UDRP tun 1999, WIPO, hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya da ke Geneva, na cikin masu sauraro. Amma sai ka nuna abu uku: sunan ya yi kama da tambarinka, wancan bai da haƙƙi a kai, kuma da mugun nufi ya kama shi yake amfani da shi.

11/
Tsaron kansa, in ka karɓi kalmar haya, sai ya zo a tsare. Rajista da sunanka da imel ɗinka, ba na mai gina shafi ba. Imel ɗin kuma kada ya zama na wannan sunan, don in ya faɗi tare za su faɗi, saƙon ceto ba zai iso ka ba. Kunna tantancewa mai mataki biyu a asusun dillali. Kunna sabuntawa da kanta, ka kuma duba katin bankin bai mutu ba. Sa kullen da ke hana a ɗauke sunan zuwa wani dillali, lambar sirrin sauya dillali kuwa kada ta fita hannunka. A Agustan 2013 an karkatar da nytimes.com, na jaridar New York Times, ba tare da an taɓa kwamfutocin jaridar ba, ta asusun wani ƙaramin dillali aka shigo. Shi ya sa manya ke ƙara kulle na biyu a wajen mai kundi.

12/
Na san za a ce "domen" ta fi gajarta, kuma ba ni da faɗa da ita a bakin masu aikin, yadda muka karɓi kwamfuta da intanet. Amma "domen" ba ta gaya wa yayata komai ba.

Mun kama mata sabon suna, da imel ɗinta. Da na gama na ce, "Yaya, mun kama hayar sunan mazauni na shekara 5 a wajen dillali, masauki kuma daban ne." Ba ta ce in maimaita ba. Ta jawo littafin da take rubuta awon mutane, ta buɗe bangon ciki, ta ce, "Faɗa min ranar da hayar za ta ƙare."