Musayar Waƙa: Gorton, Ƙauyen da Manchesta ta Haɗiye

Ɗan Tudu:

Salamu alaikum 'yan zaure. Shekarata huɗu ke nan a Gorton, gabas da tsakiyar Manchesta. Maƙwabcina wani tsoho ne Bature, ya kusa tamanin, a layin nan aka haife shi. Jiya ina fitar da kwandon shara ya tare ni da hira. Da na ce "unguwarmu", sai ya ɗaga mini yatsa, ya ce nan gari ne mai zaman kansa kafin birni ya cinye shi: yammacinsa a 1890, sauran a 1909. Maganar ta kwana a raina. Dokar yau: wanda zai amsa ya buɗe da kalmar ƙarshe ta wanda ya gabace shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai raya ƙasa bayan bushewa,
Zan ba ku labarin wata unguwa,
Wadda a da can ita ma gari.

Gorton take, gabas da Manchesta,
Da can gonaki ne kewaye da ita,
Masaƙi a ɗaki, rafi a bayanta,
Kaji da shanu, ba mai sauri.

Sai ga injin auduga da hayaƙi,
Sai ga dogo ya kwaso baƙi,
Gona ta koma gidan bulo baƙi,
Ƙofa da ƙofa, jeri bayan jeri.

Birni ya matso kamar kura,
Ya ɗauki yammaci ya ƙara,
Ya dawo ya kwashe saura,
Ko ƙashi bai tofar ba a wuri.

Yau masana'antu duk sun rufe,
Tsoho na zaune, ido ya kafe,
Ya ce, "Da jiniya muke tashi da safe,
Yau ba mai ta da mu sai tari."

Baba Mai Tuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ban taɓa taka Ingila ba, amma sunan nan na san shi tun ban iya karatu ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai zuba kwal ne a jirgin ƙasa. Ni ƙwar biyu na iya, a yi haƙuri da tsoho.

Tarin da tsohonka yake yi na san shi,
Irinsa ubana ya yi a Zariya.

Ƙuruciyarsa duk ta ƙare a shebur,
A bakin wuta, dare har safiya.

Ka ce Gorton, na tuna farantin tagulla,
Da sunan a kai, ba zancen ƙarya.

Beyer da Peacock su ne suka kafa,
Ɗan Jamus ɗaya, ɗan Ingila ɗaya.

Suka ƙera kan jirgi kusan dubu takwas,
Suka rarraba su ko'ina a duniya.

Akwai Garratt, inji biyu ne a haɗe,
Tukunyar tururi rataye a tsakiya.

Tanki a gaba yana ɗauke da ruwa,
Kwal kuwa yana biye a baya.

In ya zo kwana sai ya lanƙwasa,
Kamar raƙumi ya karkata wuya.

Irinsa aka turo mana ta teku,
Ya ja kaya a dogon Najeriya.

Ka tambayi tsoho ko ubansa ya ƙera
Wanda ubana ya ciyar har ya sha wuya.

Su can da jiniya suke tashi,
Mu ma a barikin dogo agogonmu jiniya.

An kafa masana'antar a 1854. Garratt na farko ya fito a 1909, Tasmaniya aka kai shi. Namu sai a shekarun 1930 suka iso. Na san na maimaita "wuya" sau biyu, amma ɗaya na raƙumi ne, ɗaya ta talaka. Kada Malam ya kama ni.

Maman Biyu:

Baba, barka da war haka, waƙa ta yi daɗi. Amma ku maza in aka bar ku da tarihi sai kun mai da shi zaman makoki. Ni ma a Gorton nake, bayan Hyde Road, kuma ba a maƙabarta nake kwana ba.

Jiniya ta yi shiru, ba musu,
Ƙarfe da kwal sun tafi abinsu,
Amma mutane suna nan da ransu,
Kar ku yi wa mai rai zaman mutuwa.

Ku biyo ni ƙarfe uku na rana,
Ƙofar makaranta, ɗaukar yarana,
Ga 'yar Pakistan, ga ɗan Gana,
Harshe goma, ana ta gaisuwa.

Ga doya a shagon ɗan Najeriya,
Ga naman halal a gefen hanya,
Ga jikar 'yan Ailan, tsohuwa ɗaya,
Kullum ta riga kowa zuwa kasuwa.

Da azumi na aika mata ƙosai,
Ta ci, ta ce yaji ya yi sosai,
Ta maido kwano da kek, ta ce sai
Na ƙara mata, amma da kofin ruwa.

Ban ce aljanna ba ce, ku gane,
Haya ta hau, sanyi mugu ne,
Bango na tsattsafo, aiki kaɗan ne,
Amma ko a haka ana rayuwa.

Na Shuɗiya:

Anti, kin ba ni kalma mai sauƙi, na gode.

Rayuwa babu ƙwallo, Anti, lami ce,
Duk kun bar babbar magana a kwance,
Tun ɗazu nake jiran wani ya ce,
Ba wanda ya ce, to ni zan bi.

Ƙungiyar nan mai riga shuɗiya,
Mai sa wa 'yan United ciwon zuciya,
Ba a Etihad aka haife ta ba, Hajiya,
A West Gorton aka yanke mata cibi.

Ba ni na ƙirƙira ba. A 1880 cocin St Mark's ya haɗa samarin unguwa ƙwallo. A 1887 suka koma Ardwick suka ɗauki sunan can, a 1894 suka zama Manchester City. Duk mai ja ya zo.

Malam Mai Alli:

Ɗan samari, ba mai ja da kai a tarihi, amma ɗangonka na uku a baiti na biyu ya fi 'yan uwansa tsawo kamar Garratt ɗin Baba, kuma shi bai lanƙwasa a kwana ba. Baba, na ga "wuya" biyun, na kau da kai saboda girma. An ba ni "cibi", to bayan cibi sai suna.

Cibi in an yanke sai raɗin suna,
Ku matso kusa, malami ya yada zango.

Tsofaffin gari sun ce an yi yaƙi
Da 'yan Denmak, a bakin wani rami dogo.

Wai dare ɗaya aka haƙa ramin,
Kowa ya kwashi ƙasa a hula, har raggo.

Wai jini ya kwarara ya rina rafi,
Daga nan suna ya fito, in ji gwaggo.

Masana harshe suka ce ba jini ba ne,
Taɓo ne, irin mai kama ƙafar rago.

Kowane gari na son kaka jarumi,
Ba mai son a ce taɓo ne a gindin bango.

Ramin nan Nico Ditch ake ce masa, har yau akwai guntayensa a kudancin Manchesta, kuma rafin da ya ratsa Gorton sunansa Gore Brook. A tsohon Turanci kalmar farko ta sunan Gorton, wato "gor", tana nufin taɓo ko ƙazanta, ta biyun ƙauye. A Turancin yanzu kuma ta yi kama da kalmar jinin yaƙi, shi ya sa tatsuniyar ta samu gindin zama.

Wani abu da ba a faɗa ba: masana'antar jirgi biyu ce, dogo ne kawai ya raba su. Ɗaya ta kamfanin jirgin ƙasa, wadda mutanen gari ke kira Gorton Tank, an buɗe ta 1848, aka rufe 1963. Ta Beyer da Peacock ta bi ta a 1966. Shekara uku tsakani, ƙofa biyu da suka ciyar da kaka da uba da jika. Kamfanin Ferranti sun ƙera kwamfuta a West Gorton a wannan zamanin, amma hannun da ya saba da guduma ba lallai a kira shi can ba. Saboda haka, Maman Biyu, ki bar tsoho ya yi tarinsa.

Maman Biyu:

Malam, ban hana shi tari ba, har maganin tari zan kai masa in Ɗan Tudu ya nuna mini ƙofar. Amma tunda ka jefo mini "bango", ga wanda nake wucewa ta gabansa kullum a Gorton Lane.

Bango kuwa, Malam, zo ka ga namu,
Jan bulo, ya girmi kakanninmu,
Ba masallaci ba ne, ba addininmu,
Amma in na wuce sai na ɗaga kai.

'Yan Ailan da yunwa ta koro,
Su suka tara kwabo da taro,
Suka ɗauki bulo ba tsoro,
Bayan tashi daga aiki, su da limamai.

Da aka rushe gidajen layi,
Aka watsa jama'a kamar ƙaiƙayi,
Coci ya zama kango, ɓarayi
Suka yashe shi tas, suka bar ginshiƙai.

'Yan unguwa suka ce ba mu yarda ba,
Suka yi ta neman kuɗi ba su gaji ba,
Yau biki ake a ciki, ba ku gani ba?
Wa ya ce Gorton ba ta da masu rai?

Limaman Katolika na ɗariƙar Waliyyi Faransis ne, sun zo 1861, aka gama ginin 1872, zanen E. W. Pugin. Rusau na shekarun 1960 da 1970 shi ya kwashe masu zuwa ibada, aka kai wasu can Hattersley, bayan gari. A 1989 aka rufe, sai 2007 aka sake buɗewa bayan gyara. Ni abin da ya fi taɓa ni rusau ɗin ne. Gidajen sun lalace da gaske, ba bandaki a ciki, amma an raba uwa da 'yarta da ke ƙofa ta gaba, kowa aka jefa shi wata nahiya. Tsohuwar da na kai wa ƙosai har yau tana lissafa mini maƙwabtanta da lambar gida, a layin da babu shi.

Ɗan Tudu:

Yaya, kin ci wannan zagayen. Na dawo daga aikin dare ban kwanta ba, na ƙwanƙwasa wa tsoho da saƙon Baba.

Rai dai, Yaya, kin yi gaskiya,
Na shiga gidan tsoho da safiya,
Na fassara masa waƙar Zariya,
Ya yi shiru, numfashi ya yi nauyi.

Ya jawo akwati ƙarƙashin gado,
Ya fito da hoto, ba gilas ba ado,
Maza a jere gaban wani dodo
Na ƙarfe, baƙi wuluk kamar gawayi.

Ya ce, "Ga babana, na uku daga hagu,
Tukunyar jirgi yake yi wa bugu,
Ƙara ta kashe masa kunne, aiki mugu,
Har ya rasu magana da hannu muke yi."

Ya ce da dare in iska ta juyo,
Rurin zakin Belle Vue suke jiyo,
Yaro a gado, bargo ya jawo,
Zaki a Manchesta, cikin wannan sanyi!

Ya ce in tambayi Baba Mai Tuta,
Ko da saura guda da ake hura wa wuta,
Na ce zan kai saƙo, ya ce zauna ka huta,
Ya tashi da kyar ya ɗora mana shayi.

Belle Vue gidan namun daji ne da wurin wasanni a gefen Gorton, tun 1836. An rufe ɓangaren dabbobin a 1977. Tsoho ya ce shi yana yaron koyon aiki aka rufe masana'antar, ko shekarunsa na koyo bai cika ba. Na tambaye shi ko injin da ke hoton Najeriya aka kai shi. Ya juya bayan hoton, ba rubutu. Ya sa na maimaita masa "Zariya" sau uku har ya iya faɗa.

Baba, tambaya tana gabanka, kuma kalmarka "shayi". Muna jira.